Farashi biyu a shafi ɗaya: abin da layin base ya jawo wa dillalan albasa a Tahoua

Wata Talata ce cikin watan Yuli, bayan la'asar, ɗan ƙanwata ya faɗo mini shago da kwamfuta a hammata, ko gaisuwar kirki bai tsaya yi ba.

"Kawu, don Allah taso mu je. Alhaji na shirin sallamata, ni kuwa wallahi ban san laifina ba."

Alhajin da yake nufi shi ne shugaban wata ƙaramar ƙungiyar dillalan albasa a nan Tahoua. Suna sayen kaya daga wajajen Galmi da Madawa, su ɗura wa manyan motoci su nufi Ghana, Kodebuwa da Benin. Jar albasar Galmi ba ta buƙatar talla, sunanta ya riga ya kai gaɓar teku, amma Alhaji ya so ƙungiyar ta samu shafinta na intanet, inda sabon mai saye zai ga farashin mako, ya ga hoton kaya, ya cike fom ya bar oda. Aka ba yaron aikin. Shi ne aikinsa na farko da aka biya shi kuɗi bayan ya gama karatu. Ni kuwa gyaran kwamfuta nake yi, ina kuma ɗan taɓa ginin shafuka tun lokacin da sai ka je sibar kafe kake samun intanet.

Ga abin da ya tayar da ƙurar. Wani ɗan kasuwa daga Kumasi ya kira Alhaji da safe, yana son mota guda cike, a kan jika 13 kowane buhu, "kamar yadda kuka rubuta." Alhaji ya ce wace jika 13 ana cikin damina, buhu ya kai jika 21. Mutumin bai yi gardama ba, sai ya ɗauki hoton fuskar wayarsa ya turo ta WhatsApp. Ga tambarin ƙungiya, ga jadawali, ga 13 ɓaro-ɓaro. Aka kira sakatariya, ta buɗe kwamfutar biro: tambari ɗaya, jadawali ɗaya, 21. Ta rantse duk Litinin tana sauya farashi, ba ta taɓa tsallake mako ba. Alhaji ya fara zargin mutumin Kumasi da wasa da hoto, daga baya ya koma zargin yaron da cewa ya ba shi shafi mai aljanu.

Abin da na tarar a biro

Ɗaki ɗaya ne, fanka tana juya iska mai warin albasa, buhuna uku na samfur a jingine a kusurwa. Bayan gaisuwa na roƙi Alhaji ya ba ni wayarsa. Na rubuta sunan shafin da hannuna (a nan zan riƙa ce masa misali.ne, ba shi ne sunan gaskiya ba), shafin farko ya buɗe, na danna inda aka rubuta Farashi. Sai ga 13. Na miƙa masa wayar ba tare da na ce komai ba. Mutumin Kumasi dai ya fita daga zargi.

Na juya wajen sakatariya. "Malama, ke ta ina kike shiga?"

Ta nuna mini. Ba ta bi ta shafin farko, tun ranar da aka koya mata aikin ta adana adireshin shafin farashi a saman burauza, danna ɗaya take yi. Sai na jera adireshin biyu a kan takarda, nata a sama, na wayar Alhaji a ƙasa:

misali.ne/farashi/galmi.html
misali.ne/gwaji/farashi/galmi.html

Kalma ɗaya ce ta raba su. A fuskar waya wurin adireshi ɗan tsugul ne, sunan farko kawai ido ke kamawa, don haka mako bakwai babu wanda ya lura da "gwaji" ɗin nan. Fayil biyu ne daban a dosiye biyu daban. Malama tana gyara ɗaya duk Litinin, baƙin da suka shigo ta ƙofar gaba ana kai su ɗayan, wanda rabon da a taɓa shi tun ƙarshen watan Mayu, lokacin da albasa ke zube a kasuwa.

Saura tambaya ɗaya: me ya sa shafin farko ke tura mutane can? Na danna Ctrl da U a kwamfutar biro don ganin rubutun HTML da ke ƙarƙashin shafin. Mahaɗin farashi lafiyarsa lau, farashi/galmi.html kawai aka rubuta, babu gwaji a cikinsa. Layi na biyar daga sama shi ne mai laifin:

<base href="https://misali.ne/gwaji/">

Yaron ya dafe kai. Ni ma sai da gabana ya ɗan faɗi, don na san inda layin ya samo asali.

Yadda layin ya shigo

Sai an fahimci yadda burauza ke karanta guntun adireshi kafin labarin ya zauna. Mahaɗi a shafi iri uku ake yawan rubutawa. Akwai cikakke, mai farawa da https, wanda ko a ina ka ajiye shi wuri ɗaya yake nunawa. Akwai mai farawa da karkatacciyar sanda, kamar /hotuna/tambari.png, wanda ke cewa koma bakin ƙofar gidan ka fara ƙirga daga can. Sai guntun zalla, hotuna/tambari.png, shi kuma kwatance ne irin na mutanen gari: miƙe, kwana ta biyu hannun dama. Kwatancen gaskiya ne, amma ga wanda ke tsaye inda mai kwatancen yake. Wanda ya ji shi a bakin babbar kasuwa da wanda ya ji shi a tasha ba gida ɗaya za su isa ba.

Ƙa'idar da burauza ke bi ba ta da wuya, tana rubuce a takardar RFC 3986 ta shekarar 2005. Tana ɗaukar adireshin shafin da ake ciki, ta yanke duk abin da ya biyo bayan sanda ta ƙarshe, ta liƙa guntun a wurin. Ke nan in kana misali.ne/index.html, to hotuna/tambari.png ya zama misali.ne/hotuna/tambari.png. In kuwa kana misali.ne/farashi/galmi.html, guntun nan dai ya zama misali.ne/farashi/hotuna/tambari.png, dosiyen da babu shi a duniya.

A nan yaron ya fara tuntuɓe cikin watan Afrilu. Shafuka 23 ya yi, kowane da kai iri ɗaya: tambari da jerin mahaɗai. Ya rubuta kan sau ɗaya a shafin farko, ya kwafa ya liƙa a sauran. Waɗanda ke bakin ƙofa suka fito tsaf, waɗanda ke cikin dosiye kuwa tambari ya zama fasasshen akwati, mahaɗai duka suna kai mutum ga 404, saƙon da ke cewa ba a samu shafin ba. Ya yi dabarar da ta dace, ya sa wa kowane adireshi sanda a gaba. A kwamfutarsa komai ya daidaita. Da ya ɗora aikin a masaukin da ƙungiya ta kama, wato wurin haya da ake ajiye shafin a intanet, sai ya zuba shi cikin dosiye mai suna gwaji, don Alhaji ya duba kafin a buɗe wa jama'a. Nan take komai ya sake wargajewa, domin sandar gaba tana mayar da burauza can bakin ƙofa, misali.ne/hotuna/, alhali hotunan suna misali.ne/gwaji/hotuna/.

A daren ne ya turo mini saƙon murya. Ina tsakiyar canza wa wata kwamfuta allo, wuta kuma ta ɗauke, ina aiki da fitilar waya a baki. Na amsa masa a gurguje: cire sandunan gaba, ka sa base a kan kowane shafi, ka nuna masa dosiyen gwaji. Ban ƙara da cewa ya tuna ya cire ranar buɗewa ba. Shawarar tawa ce, kuma na faɗa wa Alhaji haka a gaban kowa, don bai kamata yaro ya ɗauki kayan da ni na ɗora masa rabi ba.

Aikin alamar base, ko baliz kamar yadda mu da muka yi karatu da Faransanci ke cewa, shi ne sauya wurin tsayuwa. Tana gaya wa burauza: manta da inda shafin nan yake, duk kwatancen da ka ji a cikinsa ka ɗauka daga wuri kaza aka yi shi. Tsohuwar alama ce, tana cikin HTML 2.0 tun 1995, kuma dalilin da aka bayar a lokacin shi ne shafin da aka ɗauke daga mazauninsa, kamar wanda aka adana ko aka aika wa wani, ya san inda zai nemo kayansa. A cikin head, sashen saman rubutun HTML, take zama, ba ta da alamar rufewa.

Ko a daren sai da ta wahalar da shi sau biyu, daga baya yake ba ni labari. Da farko ya rubuta adireshin ba sanda a ƙarshe, https://misali.ne/gwaji kawai. Babu abin da ya gyaru. Ƙa'idar yankan nan ce ta kama shi: burauza ta ɗauki "gwaji" a matsayin sunan fayil tunda shi ya biyo bayan sanda ta ƙarshe, ta yanke shi ta yar, ta koma neman misali.ne/hotuna/. Awa biyu ya yi yana neman kuskure a wani wuri, ashe harafi ɗaya ne. Na biyu, a wasu shafuka ya sa base a ƙasan layin da ke kiran fayil ɗin ado, salo.css, sai shafukan suka fito tsirara, baƙin rubutu a kan fari. Burauza daga sama take karatu, ta riga ta aika neman adon kafin ta ji sabon umarni. Shi ya sa ƙa'ida ta ce base ta riga duk wani layi mai ɗauke da adireshi.

Da waɗannan suka wuce, aiki ya yi kyau. Alhaji ya duba, ya yaba, ya ce a buɗe. Yaron ya kwafe fayilolin gwaji gaba ɗaya ya zuba a bakin ƙofa. Ya buɗe misali.ne, ga tambari, ga hotuna, mahaɗai duka suna aiki. Dole su yi aiki, tunda bai goge dosiyen gwaji ba. Da ya goge, da shafin ya rushe a gabansa nan take, ya gano matsalar cikin minti biyar. Taka-tsantsan ɗin da ya yi na barin tsohon kwafi "ko da wani abu zai faru" shi ne ya lulluɓe ɓarnar.

Ashe ba a farashi kaɗai ta tsaya ba

Muna zaune ina wannan bayani, sai wani tunani ya zo mini wanda ya fi na farashi tayar da hankali. Na tambayi Malama oda nawa ta shigo ta shafin tun da aka buɗe.

"Ko ɗaya, Malam. Har Baba Alhaji ya ce kuɗin banza aka kashe."

Na buɗe shafin oda. Fom ɗin an rubuta masa action="aika.php". Wannan ma guntun adireshi ne, kuma base ba ta bambanta mahaɗin da ake dannawa da inda fom ke kai saƙo. Hoto, fayil ɗin ado, JavaScript (ƙananan shirye-shiryen da ke aiki a cikin shafi), fom, har buƙatun da JavaScript ke aikawa da kansa, duk guntun da ke cikin shafin nata ne. Duk wanda ya cike fom ya danna Aika, saƙonsa gwaji/aika.php ya nufa. Shi kuwa wancan na gwaji, yaron ya tsara shi ne kada ya dami imel ɗin ƙungiya da saƙonnin wasa: rubuta saƙo yake a wani fayil ya ce wa mutum "Mun karɓa, mun gode." Na gaskiyan, mai tura wa Malama imel, yana zaune a bakin ƙofa mako bakwai babu wanda ya ƙwanƙwasa masa.

Yaron ya shiga masaukin, hannunsa na ɗan rawa, ya sauko da fayil ɗin. A sama akwai nasa na Afrilu, "gwaji gwaji 123" da makamantansu. A ƙasa saƙonnin mutum tara na gaske, da sunaye da lambobin waya. Biyar da Faransanci, uku da Turanci, ɗaya da Hausa daga wani mutumin Adar mazaunin Abidjan, wanda ya rubuto har sau biyu, na biyun yana cewa ko dai ba ku son ciniki ne. Ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar fanka. Alhaji ya sa aka karanto masa su ɗaya bayan ɗaya, bai ce uffan ba sai da aka gama.

Abin da ya fi ci mini rai, alamun sun bayyana tun da wuri, har biyu, an kuma yi musu fassarar da ba ita ba. Cikin watan Yuni yaron ya canza hoton bangon shafi, ya ɗora sabo a bakin ƙofa, amma tsohon ya ƙi tafiya. Ya ce ajiyar burauza ce ke riƙe da shi, ya share, ya sake sharewa, ya gaji ya bari. Gaskiyar ita ce adireshin da ke cikin fayil ɗin CSS, wato fayil ɗin ado, ba ruwansa da base, daga inda fayil ɗin kansa yake zaune ake ƙirga shi. To amma wane fayil shafin ke kira? Na gwaji. Don haka bangon gwaji yake ta kawowa. Duk mai wannan sana'a ya san yadda ajiyar burauza ta zama jakin da ake ɗora wa kowane laifi, ni ma na sha yi.

Alama ta biyu ita ce ta diyez, wannan # da kowa ya sani a lambobin duba kuɗin waya. Akwai dogon shafi a kan ajiyar albasa, mai bayanin rudu, rumbun kara da ake jera ta a ciki don ta kai lokacin tsada. A samansa yaron ya jera kanun bayani, kowane da mahaɗi irin href="#rudu", wanda ya kamata ya gangara da mai karatu zuwa sashen a cikin shafin da yake. Da base a kai, burauza tana haɗa diyez ɗin da adireshin base ne, ba da na shafin ba, sai ya zama misali.ne/gwaji/#rudu. Mutum na tsakiyar karatu, ya danna, ya tsinci kansa a shafin farko. Wannan kam yaron ya gani tun Afrilu, ya kuma yi masa faci: ya mayar da shi ajiya.html#rudu. Facin ya riƙe a gwaji. Bayan buɗewa kuwa ya zama wata ƙofar da ke zurara mutane zuwa tsohon dosiye.

Gardamar gyara

Kafin in ankara yaron ya buɗe shafin farko, ya ƙara wani layin base a ƙarƙashin na da, mai nuna misali.ne/, ya ɗora, ya sabunta. Shiru. Na ce masa ai ta farko kawai burauza ke ji, ko goma ka jera a ƙasa ba ta kallonsu. Zauna mu yi shawara, ba a gyaran gaggawa sau biyu a kan abu ɗaya.

Shi abin da ya so mai sauƙi ne: a cire kalmar gwaji daga layin a shafuka 23, a tashi. Kafin magariba an gama. Ban ƙi ba a matsayin tsayar da jini, haka ma muka yi a ranar, don kada a kwana ana nuna jika 13. Amma na ce ba za a bar shi haka ba. Ranar da zai sake yin wani gwaji, sai ya sake bin 23 yana sauyawa, ya kuma bi su ranar buɗewa, in ya manta ɗaya mun koma gidan jiya.

Washegari ya dawo da hujja, na kuma ji daɗi da ya yi bincike. Ya ce ai ana iya rubuta <base href="/"> kawai, ba sai an sa sunan shafi ba. Gaskiya ne. In adireshin base kansa guntu ne, burauza tana warware shi daga ainihin adireshin shafin, sanda ɗaya kuwa na nufin bakin ƙofar duk gidan da ake ciki. Ya ƙara da cewa manhajojin da ake ginawa da Angular, wani kayan aikin gina manhajojin intanet, da wannan layin suke zuwa, to me ya sa zan tsane shi?

Na ce ban tsane shi ba. A Angular shafin HTML ɗaya ne tal, manhaja ce ke canza abin da ke fuska tana kuma sauya adireshin sama, don haka dole a kafa mata turke ɗaya da za ta riƙa nemo fayilolinta daga gare shi. Layi ɗaya ne a fayil ɗaya, kayan aikin ma suna da hanyar sauya shi lokacin haɗawa. Shi kuwa nasa shafuka ne na gargajiya, masu dogon rubutu da mahaɗan diyez, kuma sakatariya ce ke buɗe fayil tana gyarawa da hannu. Da sanda ɗaya ɗin ma matsalar diyez tana nan daram. Sannan duk wanda zai gaji aikin nan bayan shekara biyu zai ga hotuna/tambari.png a cikin dosiyen farashi, ya karanta shi yadda kowa ke karantawa, ya ruɗe, sai in ya tuna ya leƙa sama. A ganina abin da base ke kashewa ke nan: mahaɗi ya daina faɗar gaskiya da bakinsa, sai ka je wani wuri ka tambayo ma'anarsa.

Kuma in an duba da kyau, ba guntayen adireshi ne asalin ciwon ba. Wurin gwajin ne bai yi kama da wurin zaman ba: ɗaya a cikin ɗaki, ɗaya a bakin ƙofa. Masaukin nasu yana ba da damar buɗe ƙaramin yanki kyauta, sai muka buɗe gwaji.misali.ne, muka sa masa kalmar sirri. A can bakin ƙofa bakin ƙofa ne, /hotuna/tambari.png yana aiki kamar yadda zai yi a shafin gaske, babu harafin da za a canza ranar kwashewa. Muka mayar da sandunan gaba da na sa shi ya cire a Afrilu, muka cire base daga ko'ina, mahaɗan diyez suka koma gajerunsu. Kan shafi da ake ta kwafa sau 23 muka mayar da shi fayil ɗaya da PHP, harshen shirye-shirye da ke aiki a masauki, ke jawowa. Wannan ya sa sunayen shafuka suka koma ƙarewa da .php, muka sa sabar, wato kwamfutar masaukin da ke miƙa shafuka, ta riƙa karkatar da tsoffin sunayen zuwa sababbi, na kuma sabunta wa Malama adireshin da ta adana.

Dosiyen gwaji na da bai gogu haka kawai ba. Cikin mako bakwai ɗin nan mutane sun yi ta kwafar adireshin da suka gani suna tura wa juna a WhatsApp, duk da gwaji a ciki. In an goge, duk wanda ya danna zai ci karo da 404, ya ɗauka ƙungiyar ta rufe. Sabar ɗin da manhajar Apache take aiki, sai muka sa layi ɗaya a fayil ɗin umarninta, .htaccess:

Redirect 301 /gwaji/ https://misali.ne/

Duk abin da ya biyo bayan gwaji ana ɗauke shi a liƙa a sabon wuri, mai tsohon mahaɗin farashi ya sauka a farashin yau. Sai da muka gwada da wayoyi uku, ɗaya ta ɗan dakon da ke bakin biro, sannan muka kwashe fayil ɗin saƙonni muka goge sauran.

Ƙananan abubuwa biyu suka biyo baya. Alhaji ya daɗe yana ƙorafin cewa in an tura adireshin shafinsu a WhatsApp ba ya fitowa da hoto kamar na mutane. Yaron ya sa layin og:image, mai nuna hoton da za a fito da shi, amma da guntun adireshi, yana zaton base za ta cike masa. Ba ta yi, waɗannan layukan cikakken adireshi suke so daga https har ƙarshe. Na biyu kuma nawa ne: na sa sabar ta riƙa aika umarnin Content-Security-Policy mai cewa base-uri 'none', wato burauza ta yi watsi da duk wata base da ta gani a shafukan. An tanadi umarnin ne saboda ɓarayin intanet, domin wanda ya samu kafar cusa base a shafinka zai iya karkatar da guntayen adireshinka zuwa sabar tasa. Haɗarin hakan kaɗan ne a ɗan shafi irin wannan. Ni dai na sa shi ne saboda wani kawun da zai ba da shawara cikin duhu da fitila a baki.

Abu ɗaya ne gyaran ya ɓata. Malama tana da kwafin shafin a makullin USB, da nufin ta riƙa buɗewa ta nuna wa manoma hotuna in an je ƙauye inda babu rezo. A da can ma ba ya aiki sai da intanet, tunda base na tura shi sabar, ita ba ta san dalili ba. Yanzu kuma sandar gaba tana nufin tushen faifan kwamfuta, PHP ma ba ya tashi daga makulli. Shafin da zai yi aiki a haka sai wanda aka rubuta da guntaye zalla, da ../ na komawa baya, babu base, babu sandar gaba. Ba mu ga dalilin riƙe kwafi biyu ba, yaron ya haɗa mata hotunan da bayanin a PDF ɗaya.

Mutum taran nan Alhaji da kansa ya kira su, bai bar wa kowa ba. Kwana biyu ya yi yana abu ɗaya: sallama, ba da haƙuri, bayanin cewa saƙo ne ya maƙale a hanya. Huɗu sun riga sun saya a wani wuri. Biyu ba su ɗaga ba. Biyu sun ce a turo sabon farashi su gani. Mutumin Abidjan ya yi faɗa sosai, sannan ya tambayi Alhaji ɗan wane gida ne a Tahoua, aka tarar kakanninsu unguwa ɗaya suka zauna, ya yi odar rabin mota.

Da mutumin Kumasi aka fi jan magana. Shi ya tsaya a kan abin da ya gani a rubuce, Alhaji ya tsaya a kan cewa ba mai sayar da albasar damina a kuɗin kaka. Aka daidaita a jika 19, ƙungiya ta ɗauki asarar jika biyu a kowane buhu. Alhaji ya ce zai cire wani abu daga sauran kuɗin yaron. Na ce a raba biyu da ni. Ya dube ni ya yi dariya, ya ce, "Malam, kai naka hukuncin daban ne. Kwamfutar biron nan ta shekara tana ƙugi kamar injin niƙa, ka tafi da ita."

Na tafi da ita a bayan kabu-kabu. Fankar ciki ce ta cushe da ƙura da ɓawon albasa. Litinin ɗin da ta biyo na mayar musu, na tarar Malama ta gama sauya farashi zuwa jika 22, ta ɗauki wayar Baba Alhaji tana rubuta sunan shafin da hannu, harafi bayan harafi, don ta shiga ta ƙofar da baƙi ke shiga.